Shirin rediyon tsakar dare na Art Bell da baƙinsa malaman addini: wa ke ɗauke da alhakin abin da aka faɗa?

Auwalu:

Assalamu alaikum jama'a, ina yi wa kowa fatan alheri. Tambayata ta shafi wani shirin rediyo na ƙasar Amurka mai suna Coast to Coast AM, wanda marigayi Art Bell ya yi suna da gabatar da shi daga gidansa da ke garin Pahrump, cikin hamadar jihar Nevada. Shiri ne na dare da ake tattauna aljanu, fatalwa, halittun wasu duniyoyi, harkar duba, da alamomin tashin duniya, kuma ko da yake Bell ya rasu tun watan Afrilu na 2018, tsofaffin hirarrakinsa suna nan a intanet, mutane suna ta saurare suna tura wa juna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne baƙin da ke zuwa da sunan addini, musamman wani fada, wato limamin cocin Katolika, ɗan ƙasar Ayaland mai suna Malachi Martin, wanda aka yi hira da shi sau da dama tsakanin 1996 da 1998. Mutumin yana magana cikin natsuwa da ladabi, ba ya ɗaga murya, amma abubuwan da yake faɗa manya ne ƙwarai. Ya ce ya halarci zaman fitar da aljanu masu yawa, ya ce akwai mutanen da Shaiɗan ya mallake gaba ɗaya da yardarsu kuma suna yawo cikin jama'a ba a gane su, ya ce masu bautar Iblis sun kutsa har cikin Fadar Batikan, sannan ya ce ya karanta wani sirri na coci wanda rantsuwa ta hana shi bayyanawa. Mai gabatarwa kuma yana saurare cikin girmamawa, da wuya ya nemi hujja.

Na lura cewa idan baƙo ya zo yana cewa ya ga jirgin wata duniya a bayan gonarsa, mai sauraro yana iya ɗaukar zancen a matsayin hirar dare, ya yi barcinsa. Amma idan mai magana ya zo da rigar malanta, yana ambaton Allah da lahira da wuta, zuciya ba ta sakin maganar da sauƙi. Saboda haka nake tambayar masu sani a cikinku: shin daidai ne a ba irin waɗannan baƙi awa uku ko huɗu a tsakiyar dare ba tare da wanda zai ƙalubalance su ba? Idan kuma maganarsu ta cutar da wani, alhakin yana kan baƙon ne, ko kan mai gabatarwa, ko kan wanda ya zaɓi ya kunna rediyonsa?

Baba Injiniya:

Wa alaikumus salam, Auwalu. Ka yi tambaya mai kyau, kuma a matsayina na wanda ya yi rayuwar aikinsa a ɗakin na'urorin watsa shirye-shirye, zan fara da bayanin yadda aka yi dare ya zama gidan irin wannan shiri, domin ba haka kawai abin ya faru ba.

Tashoshin matsakaicin zango suna da wata ɗabi'a da duk ma'aikacin rediyo ya sani. Da rana, hasken rana yana samar da wani shimfiɗi a can saman sararin samaniya wanda ke shanye igiyoyin wannan zango, don haka tasha ba ta wuce yankinta. Da rana ta faɗi sai wannan shimfiɗi ya gushe, igiyoyin su haura su daki wani shimfiɗin da ke sama da shi su dawo ƙasa a wuri mai nisa, har tashar da ke da ƙarfin wat 50,000 ta riƙa shiga jihohi da dama a lokaci ɗaya. Tashar KDWN ta birnin Las Vegas, inda Bell ya fara wannan shiri kafin a soma rarraba shi ga tashoshin ƙasar a 1993, ta kasance cikin masu irin wannan ƙarfi a wancan lokaci. Su kuma masu gidajen rediyo, lokacin dare ba ya kawo musu kuɗin talla sosai, don haka shirin da za a ba su ta tauraron ɗan'adam ya cike musu waɗannan awoyi ba tare da sun biya ma'aikaci ba, abin so ne a wurinsu. Ta wannan hanya shirin ya kai tashoshi ɗaruruwa a ƙarshen shekarun 1990, masu sauraronsa kuma suka kai miliyoyi. Cikinsu akwai direbobin manyan motoci, da masu gadi, da ma'aikatan jinya, da waɗanda barci ya ƙaurace wa idanunsu.

Ba Bell ne ya ƙago salon ba. Tun tsakiyar shekarun 1950 wani mai suna Long John Nebel yake yin irinsa a tashar WOR ta New York. Akwai kuma batun doka. Daga 1949 hukumar sadarwa ta Amurka tana da wata ƙa'ida da ta wajabta wa tashoshi su kawo ɓangarori mabambanta a kan batutuwan jama'a da ake jayayya a kansu, amma aka soke ta a 1987, kuma tsarin mulkin ƙasar ya ba 'yancin faɗin albarkacin baki da na addini kariya mai ƙarfi. Saboda haka ta fuskar doka, babu abin da ya tilasta wa Bell ya zaunar da wani a gefen baƙonsa domin ya musanta shi.

Game da alhaki kuwa, ra'ayina shi ne mutane suna tsananta wa Bell fiye da kima. Bai taɓa cewa shi ɗan jarida ne mai binciken ƙwaƙwaf ba, kuma ya sha nanata cewa aikinsa shi ne ya buɗe ƙofa, mai sauraro ya yi wa kansa hukunci. Layukan wayarsa ma ba a tace su, duk wanda ya bugo shi ake ɗauka kai tsaye, har akwai daren da ya ware layi musamman ga duk mai ganin cewa shi ne Dujal. Wanda ya ji irin wannan ya san inda ya shigo. Ban da haka, akwai wani amfani da ba a cika ambata ba: mutumin da ya ga abin da ya tsorata shi, ya kasa gaya wa iyalinsa don gudun a ce ya zautu, yana samun wurin da za a saurare shi ba a yi masa dariya ba. Da Bell ya riƙa katse baƙinsa yana yi musu tambayoyin kotu, da babu wanda zai saki jiki ya yi magana, da kuma ba mu san abin da ke cikin zukatan waɗannan mutane ba. Baligi mai hankali ne ya murɗa rediyonsa, kuma yana da ikon kashewa.

Malam Bulus:

Ina gaishe ku duka, Baba ina gaisuwa. Ni ɗan cocin Katolika ne, kuma batun Fada Martin ya daɗe yana damuna, domin na ga yadda maganganunsa suke raba kan masu bi har yau. Ina ganin tarihinsa ne zai nuna inda hujjar Baba ta yi rauni.

An haifi Malachi Martin a 1921 a yankin Kerry na ƙasar Ayaland. Ya shiga ƙungiyar Jesuit ta limaman Katolika, aka naɗa shi fada a 1954, ya yi karatu mai zurfi a jami'ar Louvain ta Beljiyam a fannin tsofaffin harsuna da rubuce-rubucen Gabas ta Tsakiya, sannan ya koyar a cibiyar nazarin Littafi Mai Tsarki ta Paparoma da ke Roma, inda ya yi aiki kusa da Kadinal Augustin Bea. Wannan duka gaskiya ne, kuma shi ya sa maganarsa take da nauyi. A 1965 ya bar ƙungiyar Jesuit da izinin Roma, ya koma New York, ya yi ƙananan ayyuka har da tuƙin tasi kafin ya zama marubuci. Tun daga lokacin ake jayayya a kan matsayinsa: magoya bayansa suna cewa ya ci gaba da zama fada mai ikon yin hidima a keɓe, masu sukarsa kuma suna cewa ba ya ƙarƙashin wani bishop da ya ba shi aiki. Abin lura shi ne, lokacin da yake magana a shirin Bell ya shekara sama da talatin da barin Roma, amma mai sauraro yana jin sa kamar wanda ya fito daga fadar jiya.

Littafinsa na 1976, Hostage to the Devil, ya ba da labarin Amurkawa biyar da ya ce aljanu sun shige su, kuma ya fito ne shekara uku bayan fim ɗin The Exorcist ya cusa wa jama'ar ƙasar sha'awar wannan batu. An sauya sunayen mutanen da wuraren, bisa dalilin kare sirrinsu. Dalilin yana da kyau, amma sakamakonsa shi ne babu wanda zai iya zuwa ya tabbatar. A 1996 ya fitar da Windswept House, wanda ƙagaggen labari ne, a ciki ya kwatanta wani bikin naɗa Iblis da aka yi a ɓoye cikin Batikan a watan Yuni na 1963, sannan a hirarraki ya riƙa cewa abin ya faru da gaske, sunaye kawai ya sauya. Ku duba tsarin da kyau: idan aka nemi hujja, littafin ƙage ne, idan aka zo rediyo kuma, tarihi ne.

Batun Fatima ya fi kowanne bayyana matsalar. A 1917 yara uku a garin Fatima na ƙasar Fotugal suka ce Maryamu ta bayyana gare su, ta ba su wani saƙo na sirri. Ɗaya daga cikinsu, Lúcia, ta rubuta kashi na uku na saƙon a 1944, aka rufe shi a ambulan, aka kai Roma a 1957, kuma jama'a suka sa ran za a bayyana shi a 1960. Paparoma John na 23 ya karanta, ya zaɓi kada a buga. Wannan shiru na shekara arba'in shi ya buɗe ƙofar jita-jita. Martin ya ce shi ya karanta takardar a 1960, ya ce an rantsar da shi kada ya faɗi abin da ke ciki, amma ya riƙa yin ishara cewa abin ya fi duk yadda ake zato muni, kuma ya shafi ridda a cikin cocin kanta. Ya rasu a watan Yuli na 1999 bayan ya faɗi a gidansa a New York. Ranar 26 ga Yuni, 2000, Batikan ta buga rubutun, tare da sharhin Kadinal Joseph Ratzinger. Abin da ke ciki wahayi ne na wani bishop sanye da fararen kaya da ke ratsa rusasshen birni, sojoji suka kashe shi tare da wasu masu bi, kuma cocin ta fassara shi da tsanantawar da Kiristoci suka sha a ƙarni na ashirin da harbin da aka yi wa Paparoma John Paul na 2 ranar 13 ga Mayu, 1981. Rubutun bai ƙunshi abin da Martin ya yi ishara da shi ba. Mabiyansa ba su ce ya yi kuskure ba, sai suka ce an ɓoye wani shafi. A 2016 Ratzinger, wanda daga baya ya zama Paparoma kuma a lokacin ya riga ya sauka daga kujerar, ya sake tabbatar da cewa an buga komai, amma hakan bai sauya ra'ayinsu ba.

To Baba, a nan nake tambaya cikin ladabi: da me mai sauraro zai yi wa kansa hukunci? Hukunci yana bukatar abin dubawa. Mutum ya ce yana da sirri, ya ce rantsuwa ta ɗaure bakinsa, ya ce waɗanda za su musanta shi su ne ainihin waɗanda Shaiɗan ya saya. An toshe kowace hanyar bincike kafin a ce wa direban da ke kan titi da ƙarfe uku na dare ya yanke wa kansa shawara. Wanda kaɗai yake da damar tambaya a wannan lokaci shi ne mai riƙe da makirufo, kuma ya zaɓi ya yi mamaki maimakon ya yi tambaya.

Malama Hadiza:

Sannunku da ƙoƙari. Ina goyon bayan Malam Bulus, kuma zan ƙara da abin da ya faru a 1997, domin duk mai tattauna alhakin wannan shiri dole ya bi ta kansa.

A watan Yuli na 1995 wasu mutum biyu, Alan Hale da Thomas Bopp, suka gano wani tauraro mai wutsiya wanda aka sa wa sunansu. A watan Nuwamba na 1996 wani mai sha'awar kallon taurari daga Houston, Chuck Shramek, ya ɗauki hotonsa, ya ga wani abu mai haske a gefe, ya shiga shirin Bell ya ce akwai abin da ke biye da tauraron. Masana sun nuna cewa tauraro ne na yau da kullum da ke can nesa a bayansa. Amma wani baƙon, Courtney Brown, malamin jami'a mai da'awar cewa ɗalibansa suna iya hango abin da ke nesa da zuci, ya ce jirgi ne na halittun wata duniya, ya kuma kawo wani hoto a matsayin shaida. Da aka saka hoton a shafin shirin a watan Janairu na 1997, masana taurari na jami'ar Hawaii suka gane cewa nasu ne aka ɗauka aka yi masa ƙari. A watan Maris na shekarar aka tarar da gawawwakin mutum 39 na wata ƙungiyar addini mai suna Heaven's Gate a wani gida kusa da San Diego ta jihar Kalifoniya, har da shugabansu Marshall Applewhite. Sun kashe kansu bisa imanin cewa zuwan tauraron alama ce ta lokacin tafiyarsu zuwa wata duniya.

Adalci ya wajabta a faɗi abu biyu. Bell ya fito fili ya fuskanci Brown a kan hoton jabun tun kafin mutuwar mutanen, kuma ƙungiyar da kanta ta rubuta cewa ko akwai abin da ke biye da tauraron ko babu, ba shi ne abin dubawa a wurinsu ba. Aƙidarsu ta girmi wannan labari da shekaru sama da ashirin. Saboda haka ba zan ce Bell ne ya kashe su ba. Abin da zan ce shi ne, an shafe wata biyu ana yayata labarin ga miliyoyin mutane kafin a janye shi, alhali kiran waya ɗaya zuwa ga masanin taurari ya isa ya kashe zancen a daren farko. Magana zarar bunu ce, kuma gyaran da aka yi daga baya bai isa kunnen duk wanda ya ji labarin farko ba.

Haka abin yake game da muryoyin da aka ce na 'yan wuta ne. Labarin ya yaɗu ne tun 1989 ta wata tashar talabijin ta Kirista a Amurka, cewa injiniyoyin Rasha sun haƙa rijiya a Saibiriya har suka ji kururuwar waɗanda ake azabtarwa. Gaskiyar ita ce akwai rami mai zurfin mita 12,262 da masana suka haƙa a yankin Kola, can arewa maso yammacin Rasha, domin nazarin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, kuma ba su ci karo da komai irin wannan ba. Wani malamin makaranta ɗan Norway ma ya amsa cewa shi ya ƙara wa labarin gishiri da gangan domin ya gwada ko za a bincika. Duk da haka an saka wani sauti a shirin Bell da sunan muryoyin ramin, kuma har yanzu yana yawo a wayoyin mutane, wasu masu wa'azi suna kafa hujja da shi. Wanda ya yi imani da wuta bisa nassi ba ya bukatar faifan jabu, kuma ranar da yaro ya gano cewa faifan ƙarya ne, ana iya rasa shi gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na ma'aikaciyar lafiya, shi ne wanda ke saurare. Cikin masu farke da tsakar dare akwai masu fama da damuwa, akwai waɗanda suka fara jin muryoyi a kansu, akwai iyayen yaron da ke da farfaɗiya. Idan malami mai kwarjini ya jera musu alamomin shigar aljanu na tsawon awa uku, ba tare da an ce a fara zuwa asibiti ba, wasunsu za su ga kansu ko 'ya'yansu a cikin bayanin. A ƙasar Jamus, wata budurwa mai suna Anneliese Michel, wadda likitoci suka tabbatar tana da farfaɗiya, ta rasu a 1976 tana da shekara 23 saboda yunwa da ƙishirwa, bayan zaman fitar da aljanu 67 cikin kimanin wata goma. A 1978 kotu ta sami iyayenta da fada biyu da laifin sakaci da ya jawo kisa. Wannan ya faru ne a hannun waɗanda suka san ta kuma suke ganin ta da idonsu, balle mai ba da fatawa ta iska ga mutanen da bai taɓa gani ba.

Baba Injiniya:

Malama, na karɓi batun marasa lafiya, kuma da ni ke tsara shirin da na sa an riƙa faɗar wannan gargaɗi a bayan kowace talla. Amma ina jan hankalinku kada mu kai ga cewa a hana mai ra'ayin da hukumar addininsa ba ta so ya yi magana. Tarihin cocin Katolika na baya-bayan nan ya nuna cewa akwai laifuffukan da manya suka ɓoye shekara da shekaru, kamar cin zarafin yara da jaridar Boston Globe ta tona a 2002, kuma waɗanda suka fara magana a kai an ɗauke su maƙaryata. Mutanen da suka gaskata Martin ba wawaye ba ne, sun ga ana yi musu rufa-rufa a wasu wurare, shi ya sa suka yarda da wanda ya ce musu akwai abin da ake ɓoyewa. Idan hukuma tana son a daina sauraron irinsa, ita ma sai ta rage ɓoye-ɓoye.

Auwalu:

Na gode Baba, na gode Malam Bulus da Malama Hadiza. Na fahimci cewa babu mai neman a rufe bakin kowa a cikinku. To Malam Bulus, a aikace, waɗanne tambayoyi ne kake ganin ya kamata a yi wa baƙo irin Fada Martin, waɗanda ba za su zama cin fuska ga addininsa ba?

Malam Bulus:

Auwalu, tambayoyin suna cikin dokar cocin da shi kansa yake magana da sunanta, don haka babu cin fuska a cikinsu. Doka ta 1172 a kundin dokokin cocin Katolika na 1983 ta ce babu wanda zai yi zaman fitar da aljanu a kan mutum sai da izini na musamman daga bishop na yankin, kuma bishop ba zai ba da izinin ba sai ga fada da aka sani da tsoron Allah, ilimi da hankali. Sabon littafin wannan hidima da aka fitar a watan Janairu na 1999, wanda ya maye gurbin na 1614, ya umurci fada kada ya yi saurin ɗaukar ciwo, musamman na ƙwaƙwalwa, a matsayin aikin aljanu, kuma ya nemi shawarar likitoci inda ya kamata. Littafin ya kuma hana a mayar da hidimar abin kallo ko a kai ta kafafen watsa labarai. Saboda haka mai gabatarwa yana iya tambaya: wane bishop ne ya ba ka izini, a wane yanki, kuma wane likita ne ya duba mutumin kafin ku fara? Amsa waɗannan ba ta bukatar a tona sunan marar lafiya. Game da sirrin Fatima kuma, ana iya ce masa: idan rantsuwa ta hana ka faɗa, me ya sa ba ta hana ka yin ishara ba? A ganina, wanda ya ɗauki alkawarin yin shiru, ishararsa ma saɓa alkawari ce.

Baba ya kawo misalin Boston Globe, kuma misalin yana da kyau, amma yana goyon bayan abin da nake faɗa ne. 'Yan jaridar nan sun kawo sunaye, da ranaku, da takardun kotu, da mutanen da suka fito suka ba da shaida, shi ya sa Kadinal Bernard Law na Boston ya sauka daga muƙaminsa a watan Disamba na 2002. Zargin bikin Iblis na 1963 kuwa bai taɓa zuwa da shaida ɗaya da za a iya kira a tambaya ba.

Haka nan masu sa wa tashin duniya rana. Kafin shekarar 2000 shirin ya karɓi baƙi irin su Gary North, marubuci mai tsattsauran ra'ayin addini, waɗanda suka yi ta gargaɗin cewa matsalar kwanan wata a kwamfutoci za ta durƙusar da bankuna da wutar lantarki, mutane suka kashe kuɗinsu wajen tara kayan ajiya, ranar ta zo ta wuce lafiya. George Noory ya gaji kujerar Bell a watan Janairu na 2003, kuma an ci gaba da irin wannan zance a kan shekarar 2012. Kirista yana da Markus 13:32, inda aka ce ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani sai Uba, 'yan'uwanmu Musulmi kuma suna da ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman, wadda ta keɓe sanin Sa'a ga Allah shi kaɗai. Mai gabatarwa yana iya karanta wa baƙonsa nassin addinin da ya zo da sunansa, ya tambaye shi daga ina ya samo abin da nassin ya ce ba a ba kowa ba.

Game da faifan da kake saurare, Auwalu, ka riƙa duba shekarar da aka ɗauke su, domin masu tura su a intanet sau da yawa ba sa rubutawa. Duk hirarrakin Martin an yi su ne kafin watan Yuni na 2000. Rubutun Lúcia gajere ne, yana nan a shafin Batikan tare da hoton rubutun hannunta da sharhin Ratzinger. Ka karanta shi tukuna, sannan ka koma ka saurari hirar 1998, ka gwada abin da aka yi ishara da shi da abin da ke cikin takardar.